Kanari a keji, fengwin a teku: abin da Jan Kundi ya faɗa da abin da ya yi shiru a kai

A ƙarshen watan Oktoban 2024, ƙungiyar kare halittu ta duniya da aka fi sani da IUCN ta sauya wa wani tsuntsun Afirka matsayi a kundinta na halittun da ake tsoron ƙarewarsu, wanda ake kira Jan Kundi. Tsuntsun shi ne fengwin na Afirka, tsuntsun teku baƙi da fari da ba ya tashi sama sai iyo, mai zama a gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya. Matakin da aka kai shi kuwa, daga shi sai a ce ya ɓace daga daji. Cikin nau'o'in fengwin 18 da ke duniya, shi ne na farko da ya gangara har can. A cikin wannan kundi dai, kanarin da yaranmu ke kamowa a bayan gari su sa a keji yana zaune a matakin da ya fi kowanne kwanciyar hankali, na tsuntsayen da babu fargaba a kansu.

Mutumin Kaduna da ya ji haka zai iya cewa madalla, namu lafiya lau, matsalar ta mutanen bakin teku ce, mu da ke da nisan fiye da kilomita 500 da ruwan gishiri ina ruwanmu. Ni ina ganin wannan fahimtar ta yi gajeren zango. Abin da kundin ya faɗa a kan tsuntsayen biyu gaskiya ne, amma tambayar da yake amsawa ba ita ce tambayar da ta dame mu ba. Kafin a gane haka sai an san yadda masana ke raba tsuntsaye, domin daga rabon ne ake gane wanda ke jure asara da wanda asara kaɗan ke kayar da shi.

Tsarin rabon ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, a ƙarni na 18. Duk tsuntsayen duniya, wajen nau'i dubu 11, aji ɗaya ne. Ajin ya kasu manyan rassa, kowane reshe ya kasu dangi-dangi, dangi ya kasu gida-gida, a cikin gida kuma ake samun nau'i. Shi ya sa sunan kimiyya ke zuwa da kalma biyu, ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i. Kanarinmu shi ne Crithagra mozambica, ɗan dangin Fringillidae, a reshen Passeriformes. Fengwin na Afirka shi ne Spheniscus demersus, ɗan dangin Spheniscidae, a reshen Sphenisciformes, reshen da babu kowa a cikinsa sai fengwin.

Reshen kanari shi ne mafi girma a duniyar tsuntsaye. Yana da nau'i fiye da dubu shida, wato fiye da rabin dukan tsuntsaye, kuma mafi yawansu suna cikin rukunin da masana ke kira mawaƙa. Ba daɗin murya ke shigar da tsuntsu wannan rukuni ba, jini ne da ginin jiki. Ƙafarsu tana da yatsu uku a gaba, ɗaya a baya, tana damƙe reshe ko suna barci. Akwatin muryarsu yana can ƙasan maƙogwaro, daidai inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu, kuma yana da jijiyoyi masu yawa da ke ba su damar juya sauti yadda suka so, har wasunsu kan fitar da murya biyu a lokaci guda. Sannan kukan nan koyonsa suke yi. Ɗan kanari da ya tashi bai ji babba yana rerawa ba, kukansa ba ya cika. Masu kiwon kanari sun san wannan da daɗewa, shi ya sa ake rataye kejin ƙarami kusa da na tsohon namiji mai baki.

Da wannan ma'auni, hankaka mawaƙi ne, duk da muryar nan tasa da ba ta da daɗin ji. Haka carki da ke bin shanu yana cire musu kaska, haka jan baki da ke cinye wa manoman Yobe da Jigawa gero. Kurciya kuwa, duk da kukanta mai sanyaya zuciya da hantsi, ba ta cikinsu, ita da hasbiya da tantabara reshensu daban. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2008 ya nuna cewa mafi kusancin 'yan uwan wannan babban reshe su ne aku da danginsa, kuma masana sun fi karkata ga cewa mawaƙa daga yankin Ostireliya suka fara bazuwa cikin duniya.

Tsuntsun teku kuma ba dangi ba ne, sana'a ce. Kamar dai a ce masunta: Bakabe a Argungu da Banufe a bakin Neja da mutumin Ijo a Bayelsa duk masunta ne, kowa da kwalekwale da taru, amma ba kaka ɗaya suka haɗa ba. Nau'o'in da ake kira tsuntsayen teku sun kai wajen 350, kuma sun warwatsu a rassa da dama waɗanda ba su da kusanci da juna. Abin da ya sa suka yi kama shi ne wurin neman abinci ɗaya ne. Wanda zai rayu a kan ruwan gishiri dole ya samu hanyar fitar da gishirin, don haka suna da wata 'yar jaka a saman ido da ke tace gishiri daga jini ya zubo ta hanci. Mafi yawansu gashinsu yana hana ruwa shiga, ƙafarsu kuma mai fata ce tsakanin yatsu irin ta agwagwa. Kamannin da sana'a ke jawowa yakan ruɗi ido. A arewacin tekun Atlantika an taɓa yin wani babban tsuntsu baƙi da fari, marar tashi, mai tsayuwa a miƙe kamar fengwin, alhali ba danginsa ba ne. Mafarauta suka ƙarar da shi, an kashe na ƙarshe da aka tabbatar a 1844 a wani tsibiri kusa da Aisilan.

Shi kansa Linnaeus, da ya rubuta fengwin na Afirka a 1758, gida ɗaya ya sa shi da albatros, ƙaton tsuntsun nan da faɗin fukafukansa ke haura mita uku. Bayan shekara biyu Bafaranshe Brisson ya ware wa fengwin gidansa. Abin dariyar shi ne binciken zamani ya dawo ya nuna cewa lalle reshen albatros ne mafi kusa da na fengwin, sai dai rabuwarsu ta daɗe ƙwarai, domin an tono ƙasusuwan fengwin a Niyu Zilan masu shekara wajen miliyan 60. Kanarinmu ma ya sha ƙaura. Ya daɗe a gidan Serinus tare da kakan kanarin Turawa, wanda asalinsa tsibiran Kanari ne da Madeira, har sai da wani binciken ƙwayoyin gado na 2012 ya raba su. Ke nan rawayan kanarin gida da ake shigo da shi daga waje, da namu na daji mai launin toka a ka da baƙin zane a gefen baki kamar gashin baki, dangi ɗaya ne amma ba gida ɗaya ba.

Amfanin wannan rabo ga mai son sanin makomar tsuntsu shi ne yana nuna salon haihuwarsa. Kanari tsawonsa wajen santimita 12 ne, nauyinsa giram goma da 'yan kai. Macen takan saƙa 'yar sheƙa kamar ƙoƙo a reshen itace da ciyawa da yanar gizo, ta yi ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta a kai mako biyu. Bayan wajen mako uku 'ya'yan sun tashi, kuma shekara na zagayowa su ma sun isa yin tasu sheƙar. Maciji ya sha ƙwan, ko yaro ya kwance sheƙar, za ta sake wata. Rayuwarsu gajera ce, mutuwa tana yi musu yawa, amma haihuwa tana cike gurbin da wuri.

Fengwin na Afirka tsayinsa santimita 60 zuwa 70 ne, nauyinsa wajen kilo uku, kukansa kamar na jaki. Ƙwai biyu yake yi, mace da namiji su yi karɓa-karɓa a kansu wajen kwana 40, sannan su yi wata biyu zuwa huɗu suna ciyar da 'ya'yan. Wanda ya tsira sai ya yi shekara huɗu ko fiye kafin ya fara haihuwa. Albatros ya fi shi jan ƙafa: ƙwai ɗaya tak, a manyan nau'o'insa ma shekara biyu sau ɗaya, kuma yakan kai shekara goma bai fara ba. Akwai wata macen albatros a tsibirin Midway na tekun Fasifik da aka sa wa zobe a ƙafa tun 1956, kuma a ƙarshen 2024 an gan ta ta sake yin ƙwai tana da shekara 74 ko fiye. Tsuntsu mai irin wannan tsari jarinsa tsawon rai ne. Idan manya suka fara mutuwa fiye da kima, ko da kashi kaɗan ne a shekara, babu yadda haihuwa za ta cim ma asarar.

Ga kuma cunkoso. Tsuntsayen teku suna yawo a faɗin ruwa, amma in lokacin ƙwai ya yi sai su taru dubbai a 'yan tsibirai ƙalilan. Ɓera ko kyanwa ta shiga tsibirin, ko jirgi ɗaya ya zubar da mai a kusa, an taɓa kaso mai yawa na nau'in gaba ɗaya. Wannan ne ya sa wajen kashi 30 cikin 100 na tsuntsayen teku ke cikin jerin masu fuskantar ƙarewa, alhali a dukan tsuntsaye abin bai wuce ɗaya cikin takwas ba. Wani nazari da aka buga a 2015 ya gano cewa garkunan tsuntsayen teku da ake bibiya sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1950 da 2010.

Labarin fengwin na Afirka ya isa misali, domin masifa huɗu ce ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowacce akwai hannun ɗan Adam da neman kuɗi a ciki. Ta farko taki ce. Manomin masara a Saminaka ko Giwa da ke sayen kashin kaji buhu-buhu ya san darajar kashin tsuntsu. A tsibiran can, kashin tsuntsayen teku ya taru shekaru dubbai har ya yi tudu mai zurfin mitoci, kuma a cikinsa fengwin ke haƙa rami ya yi ƙwai, ya tsira daga zafin rana da masu sata. Tsakanin 1843 da 1845 jiragen Turawa suka yi dandazo a tsibirin Ichaboe na Namibiya suka kwashe wajen tan dubu 300 zuwa gonakin Ingila, aka ci gaba da kankare sauran tsibiran har cikin ƙarni na 20. Aka bar tsuntsun yana ƙwai a fili kan dutse. Ta biyu ƙwan ne da kansa, wanda ya zama abincin marmari a Cape Town. A tsibirin Dassen kaɗai an kwashe ƙwai wajen miliyan 13 tsakanin 1900 da 1930.

Ta uku mai. A ranar 23 ga Yunin 2000 wani jirgin dakon tama mai suna Treasure ya nutse tsakanin tsibirin Dassen da na Robben, inda aka tsare Nelson Mandela. Fengwin wajen dubu 19 suka jiƙe da mai. Tsuntsun da mai ya taɓa gashinsa ruwa na ratsa shi, sanyi ya kama shi, ba ya iya farauta. Dubban masu aikin sa kai, ƙarƙashin jagorancin SANCCOB, ƙungiyar ceton tsuntsayen teku ta Afirka ta Kudu, suka yi ta wanke su ɗaya-ɗaya da sabulu da buroshi, suna ɗura musu kifi a baki da hannu. Wasu wajen dubu 19 da man bai kai gare su ba aka loda su a motoci aka kai su can gabas, Port Elizabeth, aka sake su a teku, don kafin su iyo su dawo gida an gama share gaɓar. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka wanke sun koma ruwa. Aiki ne da ya cancanci yabo, sai dai a yau duk fengwin masu haihuwa da suka rage a duniya ba su kai yawan waɗanda aka ceta a wannan shekara ɗaya ba.

Ta huɗu, wadda ta fi duka, yunwa ce. Abincinsa ƙananan kifaye ne irin su sadin da ancobi, waɗanda igiyar ruwan sanyi da ake kira Benguela ke tarawa a wannan gaɓa. Jiragen kamun kifi ma su suke nema, wani a sa a gwangwani, wani a niƙa a yi abincin dabbobi. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma garkunan kifin suka karkata gabas saboda sauyin yanayin ruwa. Jirgi yana iya bin kifi duk inda ya je. Fengwin mai 'ya'ya a rami ba ya tashi sama, iyo yake yi, kuma dole ya dawo da abinci cikin yini ɗaya ko biyu, don haka iyakarsa 'yan kilomitoci goma-goma daga tsibirin. Haka nan sau ɗaya a shekara yakan zauna a tudu wajen mako uku yana sauya gashi ba ci, wanda bai tara kitse ba kafin lokacin ba ya kai labari. A farkon ƙarni na 20 ana lissafa su da miliyoyi. Ƙidayar 1956 ta samu ma'aurata wajen dubu 141. A 2023 ba su kai ma'aurata dubu 10 ba, kuma masana sun yi gargaɗin cewa in aka ci gaba a haka zai iya ƙarewa a daji wajen 2035. Ƙungiyoyin BirdLife ta Afirka ta Kudu da SANCCOB sun kai gwamnati kotu, a watan Maris na 2025 babbar kotun Pretoria ta tabbatar da sulhun da ya hana kamun sadin da ancobi a kewayen manyan matsugunansa shida na tsawon shekara goma.

Abin lura a duk wannan labari shi ne akwai lambobi. An san nawa ne a 1956, an san nawa ne a 2023, domin tsuntsun yana taruwa wuri ɗaya, ana bin ramukan ana ƙirgawa kowace shekara. Jan Kundi kuwa da lambobi yake aiki. An fara shi a 1964, ofishin IUCN yana Gland a Suwizalan, ɓangaren tsuntsaye kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife International ke tantance shi. Matakan suna hawa ne daga babu fargaba, zuwa dab da haɗari, zuwa mai rauni, zuwa cikin haɗari, zuwa mummunan haɗari, sannan ya ƙare a daji, sannan ya ƙare ƙaf. Ana duba saurin raguwa cikin shekara goma ko zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Raguwar kashi 30 cikin 100 tana kai nau'i matakin rauni, kashi 50 matakin haɗari, kashi 80 mummunan haɗari. Ana kuma duba ƙanƙantar yankin da yake zaune da yawan manyan da suka rage. Fengwin ya bi matakan a gaban idon kowa: mai rauni a 2000, cikin haɗari a 2010, mummunan haɗari a 2024.

To kanari fa? Yana zaune a kusan duk Afirka kudu da Sahara, daga Senegal zuwa Habasha zuwa Afirka ta Kudu, har ma an kai shi Hawai ya yi gida a can. Yankin nan ya fi ƙarfin ma'aunin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba a ƙidaya jimillarsa ba, an dai bayyana shi da cewa yana da yawa. Kundin ya rubuta cewa yana raguwa, amma ba da saurin da zai kai kashi 30 ba. Saboda haka babu fargaba. Ma'anar wannan mataki ita ce ba a tsoron nau'in ya ɓace daga doron ƙasa nan kusa. Bai ce komai ba game da ko jikanka zai ji kukan kanari a Rigacikun ko Kujama. Zai iya ƙarewa ƙaf a jihar Kaduna matsayinsa bai motsa ba, muddin yana nan a Zambiya da Mozambik.

Yadda ake kama shi ma yana da nasa tasirin, kuma duk wanda ya taso a unguwannin gefen gari ya ga abin. Keji ne na sillen kara da tsinke, ɗaki biyu ko uku. A na tsakiya akwai namiji mai kuka, a na gefe an ɗana murfi da 'yar roba, an zuba gero kaɗan. Sai a rataye shi a reshe da sassafe a koma gefe a yi shiru. Na cikin keji ya fara rerawa, namijin da ke da wannan yanki ya ji baƙo a gidansa, ya sauko da faɗa, ya taka tsinken, murfi ya rufe. Wasu kuma ɗanko suke shafa wa reshen. Ka ga wanda tarkon ke zaɓa: namiji mai ƙarfi, mai yanki, mai murya, sau da yawa a daidai lokacin da macensa ke kwance kan ƙwai tana jiran ya kawo mata abinci. Mai saye ma mai baki yake nema, ba wanda ke biyan kuɗin kirki a kan mace. Ga tsuntsun da ke koyon kuka daga manya, ɗebe gwanayen ba ƙaramin abu ba ne.

Yaro ɗaya da keji ɗaya ba zai ƙarar da kanari ba, kuma ba na cikin masu son a mai da 'yan yaran unguwa masu laifi. Cinikin da ya taɓa yi wa irin waɗannan tsuntsaye illa na jirgin sama ne. Kafin 2005, Senegal da Mali da Gini suna cikin manyan masu fitar da tsuntsayen daji zuwa Turai, kuma kanarin nan yana cikin waɗanda aka fi lodawa. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da su a watan Oktoban 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mai da dokar ta dindindin a 2007, cinikin da ake rubutawa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Tsoron cuta ne ya yi wannan aikin, ba tausayin tsuntsu ba. A gida kuwa, abin da na fi ɗora wa ido shi ne wurin zama da abinci. Kanari irin ciyawa yake ci, kan itace yake sheƙa. Filayen da ke Rigasa da Mando da hanyar Millennium City waɗanda da gonaki ne da kurmi-kurmi yanzu bulo ne da kwano. Buhunan gawayi da ke jere a bakin hanyar Kachia itatuwa ne jiya. Maganin feshi kuma ya sa gona ta zama fes, babu ciyawar da za ta yi iri a kunya ko a gefen hanya. Gaskiya ne kanari yana da haƙuri da mutane, yana zama a lambu da gefen gona, abin da fengwin ba zai iya ba. Amma haƙurin yana bukatar a bar masa itace da ciyawa.

Wanda ke ganin matakin babu fargaba tabbaci ne, ya tuna da ungulu. Mutanen Kaduna masu shekara arba'in zuwa sama sun san lokacin da take cika kwata da bayan kasuwa, tana jere a kan rufi ba mai ko kallonta. Har 2009 kundin yana lissafa ta cikin marasa fargaba. A 2011 aka tsallake da ita zuwa cikin haɗari, a 2015 zuwa mummunan haɗari, mataki ɗaya da fengwin na yau. Guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu sun riga sun yi aikinsu kafin lambobin su iso. Mahauta sun riga kundin sanin cewa ta tafi. Gauraka ma, da ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, a duniya matakin rauni kawai take, amma a cikin Najeriyar ganinta a daji ya zama labari.

Za a iya cewa ungulu mai jinkirin haihuwa ce kamar tsuntsun teku, ƙwai ɗaya take yi, don haka ba a auna kanari da ita. Haka ne. Sai dai akwai ɗan ƙaramin mawaƙi mai rawayan ƙirji, Emberiza aureola, da ke haihuwa daga arewacin Turai har Japan, wanda a da yana cikin tsuntsaye mafi yawa a wannan yanki. Girmansa da saurin haihuwarsa ba su da nisa da na kanari. Ana kama shi da raga a ƙasar Sin lokacin ƙaura ana ci. Kafin 2004 babu fargaba a kansa. A 2004 ya koma dab da haɗari, 2008 mai rauni, 2013 cikin haɗari, 2017 mummunan haɗari, bayan bincike ya nuna ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100 daga 1980. A kudu maso gabashin Asiya kuma son tsuntsu mai kuka a keji ya kai wani nau'in bulbul wannan matakin a 2018. Saurin haihuwa yana ba mawaƙi damar farfaɗowa in an sassauta masa, wannan ita ce fa'idarsa a kan fengwin. Ba ya hana shi faɗuwa in kamun ya fi haihuwar.

Don haka bambancin matsayin tsuntsayen nan biyu kashi biyu ne a ganina. Kashi ɗaya na gaske ne, daga jikinsu da salon rayuwarsu ya fito: ɗaya mai jinkiri ne a ƙuntataccen wuri, ɗaya mai sauri ne a faɗin nahiya. Ɗaya kashin kuwa na ƙidaya ne. Fengwin yana da masu bin raminsa da takarda da alƙalami shekara da shekaru, yana da lauyoyi, yana da 'yan yawon buɗe ido da ke biyan kuɗi su kalle shi a gaɓar Boulders kusa da Cape Town. Kanari yana warwatse a miliyoyin gonaki, raguwarsa ba ta da rana ɗaya da za a nuna a ce ga ta.

Aikin cike wannan giɓi an fara shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita tara a tsaye da kwance, masu sa kai su shiga gida su yi aƙalla awa biyu suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji a manhajar waya. In aka maimaita haka shekara bayan shekara, za a iya cewa kanari yana fitowa a jeri kaza cikin ɗari a da, yanzu ya koma kaza, kuma irin wannan lambar ce kundin ke saurara. Najeriya tana da nau'in tsuntsu fiye da 900, jihar Kaduna kuma tana da wurare biyu da aka amince da muhimmancinsu ga tsuntsaye a duniya, dazukan Kagoro da Nindam a kudu, da gandun Kamuku a Birnin Gwari wanda ya zama gandun ƙasa a 1999. Matsalar tsaro ta sa shiga irin su Kamuku da madubin hangen nesa ya zama kasada shekaru da dama. Amma gidajen taswirar da suka faɗo kan Kawo da Unguwar Rimi da bakin kogin Kaduna a buɗe suke, kuma a nan ne ake kama kanarin ake kuma sayar da shi.